Tsohon ƙarfe a akwatin kaka: yadda za ka gano sunansa da aikinsa

Bayan rasuwar kakarmu a Mai Wurno, da aka zauna rabon 'yan kayanta, sai aka ciro wani ƙarfe daga can ƙasan akwatin kwano, naɗe cikin farin tsumma. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Mulmulalle ne, tsakiyarsa ta kai kaurin babban yatsa, sannan ya sirance zuwa bakunansa biyu. Ba kaifi, ba tsini, ba ƙota. Baffana ya ce taɓaryar funduk ce, wato ɗan turmin dakan gahawa. Goggo ta ce a'a, sakatar ƙofa ce. Wani maƙwabci ya rantse madoshin maƙera ne. Kowa ya faɗa da ƙarfin gwiwa, kuma babu wanda ya dace.

Kusan wata uku na yi kafin na samu amsa, kuma hanyar da na bi ita zan shimfiɗa a nan, domin gidajenmu na Hausawan Sudan cike suke da irin waɗannan abubuwa: wani an taho da shi daga ƙasar Hausa a kan jaki, wani an saye shi a kasuwar Umdurman, wani kuma Bature ya bari a gonar auduga ko a tashar jirgin ƙasa. Abin da na fahimta shi ne kayan aiki ba ya iya ɓoye sana'arsa. Inda hannu ya riƙe shi da inda ya ci aiki duk suna rubuce a jikinsa. Abu biyu ke ɓata wannan rubutu: gaggawar wankewa da gaggawar raɗa suna.

Kafin ka sa hannu

Wannan jagora ta abin da ka gada ce ko ka saya, wanda ka san daga ɗaki ya fito. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane da yawa suna komawa gidajensu a Hartum da Wad Madani da sauran garuruwa, suna tsintar ƙarafan da ba su sani ba a kango da gona. In abu ya yi kama da bututun da aka toshe, ko yana da fikafikai a gindi, ko zobe, ko waya, kada ka taɓa shi, kada ka bar yara su matsa kusa. Ka sa alama a wurin daga nesa, ka sanar da hukuma. Haka nan abin da aka tono daga tsohon kabari ko kufai ba na binciken gida ba ne; dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ɗora wannan a hannun hukumar kayan tarihi da gidajen adana su.

Mataki na farko: kada ka wanke shi

Na sa wannan a gaba saboda ni kaina na taɓa yin ɓarnar. Ina saurayi mahaifina ya ba ni wata tsohuwar sifana da ya ce daga Atbara ta fito, hedikwatar jirgin ƙasa. Don in burge shi na samu takardar goge ƙarfe na dirje ta har ta yi fari. Da na gama sai na ga akwai rubutu a wuyanta, amma rabinsa ya tafi tare da tsatsar. Har yau abin yana ci mini rai.

Don haka ba dirza, ba jiƙawa a ruwan khal, wato binega, ko lemun tsami, ba kai shi wurin mai injin wasa wuƙa. Baƙin da ke jikin tsohon ƙarfe da maiƙon da ya daskare a lungunansa shaida ne. Iyakarka busasshen tsumma da tsohon buroshin haƙori, ka kaɗe ƙura a hankali. In tagulla ce ta yi kore, ka wanke hannu bayan ka taɓa ta, don koren nan guba ne.

Mataki na biyu: da wa aka same shi?

Kafin a watsa kayan, ka rubuta inda abin yake da abubuwan da ke kusa da shi. Ma'aikaci ba ya raba kayan sana'arsa. Basilla tana kwana da kirgi, aska tana kwana da ƙaho a zabirar wanzami. Ka tambayi kanka: akwatin namiji ne ko na mace? Mai shi wace sana'a ya yi, a wane gari, kuma uban gidansa wa?

A nan na yi sakaci. A cikin tsumman da aka naɗe ƙarfen kakata akwai mazari biyu da ɗan dunƙulen alli. Na ture su gefe don na san su, na tsaya kan wanda ban sani ba. Da na haɗa su a zuciyata tun ranar, da ban yi wata uku ina yawo ba.

Mataki na uku: hoto da awo

Ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi, ka ajiye rula a gefen abin, ka ɗauke shi ta sama, ta gefe, da bakunansa biyu daga kusa. Ka auna tsawo da kauri da santimita, ka ɗora shi a sikelin mai kanti ka rubuta nauyi. Hoton da ba rula a ciki ba ya gaya wa kowa ko abin ɗan yatsa ne ko hannu guda.

Mataki na huɗu: karanta jikinsa

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe.

Ka ɗauke shi ka rufe ido, ka bar hannunka ya nemi wurin zamansa. Kowane kayan hannu yana da wuri uku da za a nema: inda ake riƙewa, inda yake taɓa aiki, da inda ƙarfi ke shigarsa. Inda ake riƙewa yakan yi santsi ya yi duhu saboda gumi, in ƙota ce ta itace har takan lotsa daidai yatsu. Lotsawar tana gaya maka ko hannu ɗaya ne ko biyu, ko mai shi bahago ne.

Sai ka tambaya: wannan abu sara yake, ko yanka, ko huji, ko kankara, ko matsa, ko murza, ko awo? Amsar tana bakinsa. Ruwan da ya tsaya a layi ɗaya da ƙota gatari ne, na sara da faskare. Wanda ya gitta ƙotar gizago ne, wanda a nan muke ji ana kira gaddum, na fafe turmi da feƙe ƙafar angareb, gadon itace na Sudan. Kaifin da aka wasa ta gefe ɗaya na kankara ne ko daidaita fuska, kamar kurfin kafinta. Wanda aka wasa ta gefe biyu na rabawa ne. Baki mai lanƙwasa da aka dasashe da gangan, mai mariƙi, sau da yawa na majema ne, irin kartajin da ake kankare fata da shi ba tare da an yage ta ba.

Duba ƙeyarsa. Duk ƙarfen da ake bugunsa da guduma, ƙeyarsa takan baje ta yi leɓe, har ta tsattsage a gefe. In babu wannan leɓen, ba a taɓa bugunsa ba. Da wannan kaɗai maganar madoshi ta faɗi, don bakunan ƙarfen kakata biyu lafiya lau suke.

Sannan ka nemo inda ya fi sheƙi. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka kwantar da hasken tocila a gefensa, ba ta sama ba, ka riƙa juya shi. Hasken da ya zo a kwance yana fito da ƙananan zane da ido ba ya gani da rana. Zanen da ya bi tsawo na abin da ake turawa da ja ne, kamar sakata a cikin maƙallinta. Zanen da ya kewaye jiki na abin da ke juyawa ne. Ƙasa da yashi suna barin karce mai kauri da baki wanda ya cinye ya zagaye. Itace da fata da zare suna barin sheƙi mai laushi kamar an shafa mai.

Da na yi wa namu haka, sai na ga tsakiyarsa, wajen faɗin tafin hannu, tana sheƙi ta kowane gefe daidai wa daida, babu karce ko ɗaya mai bin tsawo. To ba sakata ba ce. Taɓaryar gahawa kuwa gindinta ke cin aiki: yakan yi faɗi, ya lotsa, kuma ƙanshin gahawa da citta ba ya barin ta ko bayan shekaru. Namu gindinsa siriri ne, ba ƙanshi. Saura abu ɗaya: ana kwantar da shi ne a mirgina shi da tafukan hannu biyu a kan wani abu mai laushi. Ban san sunansa ba tukuna, amma na san motsinsa, kuma motsi ya fi suna amfani a wannan matakin.

Kada ka raina hanci da tsinke. Ka sa tsinke a lungu ka fito da abin da ya maƙale: ƙaro, toka, gashi, zaren auduga, busasshen ƙullu. Ka ajiye shi a takarda, kada ka hure.

Mataki na biyar: da me aka yi shi, kuma wa ya yi shi?

Ka sa masa maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, ko da an shafe shi da ruwan tagulla. In bai kama ba, tagulla ce, ko jan ƙarfe, ko dalma, ko alminiyam, ko wani irin ƙarfen da ba ya tsatsa.

Aikin maƙera yana da sawun masaba, kuma gefensa biyu ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari. Ƙarfen zubi na masana'anta yana da siririn layi inda fuskokin mazubi biyu suka haɗu, rubutunsa kuma yakan taso sama maimakon ya nutse. Ƙarfen dā da aka narka daga tama, in tsatsa ta ci shi, sai ka ga jijiyoyi a jikinsa kamar na itace.

Kayan da aka yi abin da su suna sa masa iyakar shekaru. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai a 1913 aka gano shi a Ingila. Kusa mai kan gicciye, wadda ake ɗaurewa da sukudireba mai baki huɗu, ta shekarun 1930 ce zuwa sama. Ɗinkin walda na lantarki mai kama da tsutsa shi ma na ƙarni na 20 ne. Maƙeranmu kuma sun daɗe suna ƙera lauje da wuƙa daga sifirin mota, don haka in ka ga ramin noti a gindin ruwan, ko lanƙwasar sifirin ba ta gama miƙewa ba, abin bai girmi zuwan mota ba, komai tsufan kamarsa. Amma ka lura, ƙota takan mutu a sake ta sau uku ruwan yana nan. Sabuwar ƙota ba ta mai da ƙarfe yaro.

Mataki na shida: rubutu da tambari

In akwai alama, ka ɗora siririyar takarda ka goga bakin fensir a kwance, ko ka shafa garin alli ka share sama, farin ya zauna a ramin haruffa. Ka kwafe komai yadda yake, har ɗigo.

Sudan ta ga Turkawa daga 1821, ta ga Mahadiyya daga 1885 zuwa 1898, sannan mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar daga 1899 zuwa 1956, don haka kayan Ingila sun fi yawa a tsofaffin akwatuna. Kalmar SHEFFIELD sunan garin maƙeran wuƙa da zarto ne a can. Alamar kibiya mai layi uku, kamar sawun kaza, tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne, galibi na soja. Rd ko Rd No da lamba a gaba rajistar fasali ce da aka fara a 1884. Kafin nan, daga 1842 zuwa 1883, alama ce mai kusurwa huɗu da haruffa a ciki. Sifanar da aka rubuta mata awon inci da harafin W ko BSW ta tsarin notin Ingila ce, kuma lambar kaurin kusar take nufi, ba faɗin bakin sifanar ba, shi ya sa in ka auna za ka ga bakin ya fi lambar.

Na sauran ƙasashe ma suna da amfani. D.R.G.M. na Jamus ne, daga 1891 zuwa wajen 1945. W. Germany tsakanin 1949 da 1990 ne. Made in Occupied Japan na 'yan shekarun bayan yaƙin duniya na biyu ne, zuwa 1952. USSR bai wuce 1991 ba. Shekarar da ka gani kusa da kalmar Patent ta rajistar ƙirƙirar ce, ba ta ranar ƙera naka ba. Tana cewa ne kawai bai girmi haka ba.

In lambobin Larabci ne, mai yiwuwa shekarar Hijira ce. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1325 zai ba ka 1907. Ka tuna biyar ɗin Larabci ita ce mai kama da sifili, sifilin kuma ɗigo ne, tsatsa tana iya cinye shi.

Namu dai babu ko harafi ɗaya a jikinsa, kamar yawancin aikin maƙeranmu.

Mataki na bakwai: kai shi wurin masu hannu

Ka ɗauki abin da kansa, ba hotonsa ba. Ka fara da tsohon maƙeri, don ko bai yi aiki da shi ba, wataƙila ya taɓa gyara irinsa. Daga nan baduku, masassaƙi, wanzami, manomi. Rumfunan maƙera a kasuwannin Sinnar da Gadarif da Kasala makaranta ce ga mai haƙuri. Ka gaisa sosai, ka zauna, ka miƙa da hannu biyu, kuma kada ka faɗi zatonka. In ka ce "Baba, wannan ba madoshi ba ne?" kunya za ta sa ya ce maka haka ne. Ka ce, "Baba, ko ka taɓa ganin ana aiki da irin wannan?" Sai ka yi shiru ka kalli hannunsa, don hannu yana tunawa kafin baki.

Ka nemi suna biyu, na Hausa da na Larabcin Sudan, kuma ka tambayi mutanen yankin da abin ya fito. Wanda ya tashi a bakin Nilu zai ga sonki ya ce mashi ne, alhali mutumin Kurdufan ya san da shi ake ɓare bawon dakwara, wato hashab, bayan damina don ƙaro ya tsattso. Shi kuma in ya ga salluka, sandar shuka mai matakin ƙafa a gefe da ake huda gaɓar kogi da ita bayan ruwa ya janye, sai ya tsaya kallo. Namu sungumi ne, nasu salluka, aiki ɗaya, siffa daban.

Kuskuren da na yi shi ne maza kaɗai na riƙa tambaya. Maƙeri na uku da na je wurinsa ya juya ƙarfen a hannu ya daɗe, ya ce, "Yaro, ƙirarmu ce, amma ba aikinmu ba ne. Kai wa tsofaffin mata."

Na kai wa wata ƙawar kakata da idonta ya yi rauni. Tana karɓa ta shafa tsakiyarsa, ta kwantar da shi a cinyarta, ta ɗora tafukanta biyu a bakunan ta tura gaba. Ta ce, "Ɗan nan, ai ɗan bida ne. Da shi muke gurzar auduga." Ta kwatanta mini: a ɗora 'yar auduga a kan magurji, wato dutsen gurza, a danna ƙarfen a mirgina, angurya ta fice ta gaba, farin ya rage a baya. Daga nan a shiɓe da baka, a naɗa, a kama kaɗi da mazari, ana taɓa alli don zaren ya bi yatsa. Ta ce tun da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925 audugar Jazira ta zama ta injin gurza, amma matan da iyayensu suka taho daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawan Ingila ba su yar da nasu ba, don zaren ɗinkin gida da na saƙa da hannu suke fitar da shi.

Mataki na takwas: intanet, a ƙarshe ba a farko ba

Google Lens, manhajar da ke nemo abu daga hotonsa, yana da kyau ga kayan masana'anta masu tambari. Ga aikin maƙeranmu kuwa yakan kawo duk wani abu mai kama da shi, ya ce maka ƙusar jirgi ce ko sandar tozali. Amfanin intanet yana zuwa ne bayan ka samu suna ko motsi. Sunan Hausa ka duba shi a ƙamus na Bargery na 1934, wanda ke cike da kalmomin sana'o'in da suka ɓace daga bakinmu, kuma yana nan a intanet. Gidan tarihi na Pitt Rivers a Okasfod da babban gidan tarihin Birtaniya a Landan sun sa hotunan kayansu da bayani, jami'ar Durham kuma tana da taskar tsofaffin hotunan Sudan, inda za ka iya ganin abin a hannun mai aiki da shi. In za ka tambayi mutane a Facebook, ka sa hotunan da rula, nauyi, garin da aka same shi, da abin da ka riga ka kore da dalilinka. Amsar da ba ta yi bayanin sheƙi da lotsawar da ka gani ba, ka ajiye ta gefe ko mutum ɗari ne suka faɗe ta.

Mataki na tara: gwaji, adanawa, da neman ɗan'uwansa

In abin yana da ƙwari, ka gwada shi sau ɗaya a hankali a kan aikin da aka ce nasa ne. Na samo auduga mai 'ya'ya, na ɗora a kan dutse, na mirgina. Da farko anguryar ta riƙa fashewa don na cika dannawa. Da na sassauta sai ta fara tsalle gaba ɗaya bayan ɗaya, tafukana kuma suka sauka daidai inda ƙarfen ya sirance.

Yanzu ne lokacin tsafta. Ka ɗiga man keken ɗinki a tsumma ka shafa, ka bar shi ya kwana, ka goge jar tsatsar da ta saki, ka bar baƙin. Ka bi da kakin zuma kaɗan. Ƙota ma kaki ya ishe ta. Kada ka kulle shi a leda, gumi zai ci shi a damina. Ƙyallen auduga ya fi. Ka rubuta a takarda sunansa da Hausa da Larabci, aikinsa, mai shi, garin, wanda ya gane shi da ranar, ka ɗaura masa da zare. In tsohon ya yarda, ka ɗauki muryarsa a waya yana kwatantawa.

Sannan ka koma gida ka nemi abokin aikinsa, don kayan sana'a ba kasafai suke tafiya su kaɗai ba: turmi da taɓarya, masaba da uwar maƙera, aska da dutsen wasa ta. Ina shirin tashi ne tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce, "To ina magurjin? Kakarka ba ta rabuwa da shi, baƙin dutse ne mai faɗi." Na koma na duba ɗakin da madafa, babu. Sai da yamma, ina ɗiban ruwa, na lura da dutsen da aka tokare gindin randa da shi tun ina yaro. Muka ɗaga randar ni da ƙanena, muka jawo shi, na juya fuskar da ke ƙasa na wanke laka. Tsakiyarsa ta ɗan lotsa, santsi kamar tangaran, faɗinta daidai da wurin da ke sheƙi a jikin ɗan bidan.